Labarin Michael Faraday, Ɗan Maƙerin da Ya Buɗe wa Duniya Ƙofar Lantarki

Mutumin da za mu ba da labarinsa yau Bature ne na ƙasar Ingila, wanda ya rasu tun 1867. Mun zaɓe shi ne domin babu wani garin ƙasar nan da aikinsa bai shiga ba. Ko a ƙauyukan Shanono, injin ban ruwa da mai noman rani ke tayarwa, da janaretan mai cajin waya a kasuwa, da babur ɗin da ke kai mutane Bagwai ko Gwarzo, duk a cikinsu akwai waya naɗe kusa da maganaɗisu, wannan kuwa dabarar Michael Faraday ce.

An haife shi ran 22 ga Satumba, 1791, a wata unguwa da ake kira Newington Butts, kudu da birnin Landan. Ubansa maƙeri ne, ga shi kuma ba shi da isasshiyar lafiya, saboda haka gidan ya sha talauci. Karatun da yaron ya samu bai wuce na karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 13 ya shiga aikin aike a kantin wani mai sayar da littattafai, George Riebau, yana raba jaridu gida gida. A 1805 maigidan ya ɗauke shi koyon ɗinkin littattafai na shekara bakwai.

To, a nan ne arzikinsa ya tsaya. Sauran yara su ɗinka littafi su ajiye, shi kuwa sai ya karanta abin da ke ciki. Cikin Encyclopaedia Britannica ya tarar da babin lantarki, ya kuma samu littafin wata mata, Jane Marcet, a kan ilmin sinadarai. Bai yarda da abin da ya karanta haka nan kawai ba, sai ya gwada da hannunsa. Da tsofaffin kwalabe da guntayen itace ya haɗa wa kansa na'urar da ke fid da tartsatsin lantarki.

A 1812 wani mai zuwa kantin ya ba shi takardar shiga laccocin Sir Humphry Davy, shahararren masanin sinadarai na Royal Institution. Faraday ya halarci lacca huɗu, ya rubuta abin da ya ji dalla-dalla, ya yi zane-zane, ya ɗinka shi littafi mai shafi wajen 300, ya aika wa Davy tare da roƙon aiki. Ana nan sai aka kori wani yaron ɗakin gwaje-gwaje saboda faɗa, Davy ya tuna da mai ɗinkin littattafai. A watan Maris, 1813, aka ɗauke shi, albashinsa sule 25 a mako, aikinsa wanke kwalabe da shirya kayan gwaji.

Daga Oktoba, 1813, zuwa Afrilu, 1815, ya bi Davy yawon ƙasashen Turai, ya ga Faransa da Italiya da Suwizalan, ya sadu da manyan masana kamar su Ampère da Volta, wanda ya ƙago batir. Amma tafiyar ba ta yi masa daɗi duka ba. An ɗora masa aikin baran ɗaki, uwargidan Davy kuwa ta riƙa wulakanta shi don ba ɗan kowa ba ne. Ya haɗiye, ya ci gaba da rubuta duk abin da ya gani. Mai haƙuri, aka ce, shi kan dafa dutse.

A 1820 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Oersted, ya lura cewa in lantarki ya bi cikin waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkata. A watan Satumba, 1821, Faraday ya kafa maganaɗisu a tsakiyar ƙoƙo mai zaiba, ya rataya waya ta taɓa zaibar, ya sakar mata lantarki. Sai waya ta kama zagaya maganaɗisun ba tsayawa. Wannan shi ne mafarin kowane inji da lantarki ke juyawa, tun daga fanka har famfon rijiyar burtsatse. Nasarar ta jawo masa tsegumi, aka ce ya ɗauki tunanin wani babban masani, Wollaston, bai ambace shi ba. Ya wanke kansa, amma zuciyar maigidansa ta riga ta sauya, har Davy ya yi ƙoƙarin hana a zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society. Duk da haka aka zaɓe shi a 1824, kuma a 1825 ya zama shugaban ɗakin da ya fara wanke kwalabe a ciki.

Tambayar da ta daɗe tana damunsa ita ce, tun da lantarki na haifar da ƙarfin maganaɗisu, ko maganaɗisu zai iya haifar da lantarki? Ya gwada sau da dama cikin shekaru bai samu kome ba. Ran 29 ga Agusta, 1831, ya ɗauki zoben baƙin ƙarfe mai faɗin inci shida, ya naɗa wayar tagulla a gefe guda, ya naɗa wata dabam a ɗaya gefen, ya raba naɗin da zare da akoko don kada su taɓa juna. Ya haɗa ta farko da batir, ta biyu kuwa ya kai ta kusa da allura. Da ya haɗa batir sai allura ta zabura, sa'an nan ta koma ta kwanta. Da ya cire, ta sake zabura ta ɗaya wajen. Muddin lantarki na gudana daidai wa daida, allurar ba ta motsi.

Wani da ya ce wannan ɗan motsi ba a bakin kome yake ba. Faraday kuwa ya gane asirin yana nan, watau sauyin ƙarfin maganaɗisu shi ke tayar da lantarki, ba zamansa kawai ba. A watan Oktoba ya tabbatar da haka, ya cusa sandar maganaɗisu cikin naɗin waya ya zaro, allura ta motsa. Daga nan ya juya faifan tagulla tsakanin bakunan babban maganaɗisu, lantarki ya riƙa fita ba yankewa. Zoben nan shi ne kakan taransifoma, faifan kuwa kakan janareta. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 a kan kogin Kwara, aikinta ke nan, ruwa ya juya maganaɗisu a cikin naɗin waya.

Akwai kuma wani gwaji nasa na 1833 da ba a cika ambata ba. Ƙarafa, in sun yi zafi, sukan ƙara tauye lantarki. Faraday ya gwada wani haɗi na azurfa da farar wuta, sai ya ga akasin haka, yana zafi yana ƙara sakin hanya. Ya rubuta ya wuce. Sai bayan shekara ɗari da 'yan kai aka san darajar irin waɗannan abubuwa da ke tsakanin masu ba lantarki hanya da masu hana shi, waɗanda silikon yake cikinsu. Da irinsu aka ƙera taransista a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947. A 1958 Jack Kilby ya tara kayan da'ira guda a kan ɗan guntu ɗaya, a 1971 kuma kamfanin Intel ya fitar da ƙwaƙwalwar kwamfuta sukutum a guntun da bai kai farcen yatsa ba, mai taransista wajen 2,300. Jikokin wannan guntu su ne 'yan ƙananan kwamfutocin da ke ɓoye cikin wayar hannu, da mitar wuta, da akwatin da ke tsare batirin hasken rana, ya yanke caji in ya cika. Masu wannan sana'a hannu biyu gare su, ɗaya na haɗa wayoyi, ɗaya na rubuta umarnin da na'ura za ta bi. Ma'aunin kafasita da masu gyaran rediyo ke saye, sunansa farad, don tunawa da shi.

Faraday bai san lissafi mai zurfi ba har ya mutu. Abin da ya gani da ido ya kwatanta da layukan ƙarfi, James Clerk Maxwell ne ya zo ya zuba shi cikin lissafi, daga nan aka samu hanyar rediyo. Makaminsa shi ne tsari. Kowane gwaji, wanda ya ci da wanda ya faɗi, sai ya rubuta shi da lamba da kwanan wata, har lambobin suka wuce 16,000.

Ya auri Sarah Barnard a 1821, ba su haihu ba, amma ya so yara ƙwarai. Laccocin Kirsimeti na yara da aka fara a Royal Institution a 1825, shi ya gabatar da su har sau 19. Tun daga 1836 ya yi kusan shekara talatin yana ba hukumar hasumiyoyin fitilun teku shawara. Sau biyu aka miƙa masa shugabancin Royal Society ya ƙi, kuma da gwamnati ta nemi ya taimaka a haɗa iska mai guba lokacin yaƙin Kirimiya, ya ce ba da shi ba. Daga 1839 mantuwa ta soma damunsa. A 1858 Sarauniya Victoria ta ba shi gida a Hampton Court, nan ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867, aka binne shi a maƙabartar Highgate.

Abin da muke so malaman makaranta da ma'aikatan ofis su duba shi ne, a ƙasar nan an daɗe ana ganin aikin alƙalami ya fi aikin hannu daraja. Tun 1956 aka buɗe makarantar fasaha a Kaduna, wadda ta zama Kaduna Polytechnic a 1968, ga kuma sashen injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, amma har yanzu akwai iyayen da ke ganin yaron da aka tura koyon sana'a kamar ya faɗi ne. Yaron da kuka ga yana kwance tocilan ko tsohuwar rediyo a bayan aji, kada ku yi saurin dukansa. Ku ba shi batir da waya da ƙusa ya naɗa, ku sa shi ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata, ku kuma matsa masa a kan lissafi, domin na'urorin zamanin nan ba su gyaruwa da hannu kaɗai. Da Riebau ya hana yaronsa buɗe littattafan da yake ɗinkawa, da Faraday ya ƙare kwanansa a kanti, ba wanda ya san sunansa.