Marigayi Alhaji Audu Bako, Gwamnan da Ya Tare Ruwa

An haifi Audu Bako a Kaduna cikin 1924, ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, sai aka naɗa shi Gwamnan Jihar Kano. Ganin yadda manomi ke zaman kashe wando da zarar damina ta wuce, ya sa aka gina madatsar Bagauda, sannan ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Farin 1973 ya gaskata hangen nesansa. Daga Tiga aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura, ma'aikata suka riƙa buɗe ƙofofin ruwa bi da bi, manoma suka dukufa ga noman alkama da tumatir da rani. Ya sauka a 1975, ya rasu a 1980. Allah ya jiƙansa, amin.