Likita Ishaya Audu, Jikan Isawa

Mu da mu ke zaune a Kano mu kan ratsa kasuwar Kurmi, amma kaɗan ne daga cikinmu su ka san abin da ya faru a wurin wajen shekara ta 1867. A zamanin Sarki Abdullahi akwai wani malami a cikin birni, sunansa Malam Ibrahim. Cikin karatunsa ya ga darajar Annabi Isa, har ya shiga koya wa almajiransa su ɗaukaka shi. Hukuma ba ta yarda da wannan koyarwa ba, aka kashe shi a kasuwar. Almajiransa su ka watse, waɗansu su ka nufi Ningi, waɗansu ƙasar Zazzau. Su ne a ke ce da su Isawa. Daga cikin zuriyarsu ne Allah ya ta da mutumin da za mu ba da labarinsa.

A 1913 waɗansu Isawa su ka sadu da Likita Miller na Mishan C.M.S. a Zariya, su ka ji bishara, da dama su ka karɓi baftisma. Su ka taru su ka kafa ƙauye a Gimi. Amma wurin da ƙudan tsando, ciwon barci ya faɗa musu, ya kashe mutane da yawa, har tilas aka bar ƙauyen. Cikin waɗanda su ka tsira akwai Malam Bulus Audu. A ran 1 ga Maris 1927 aka haifa masa ɗa a Anchau, aka raɗa masa suna Ishaya. Anchau ɗin ma ciwon barci ya addabe ta, har daga baya gwamnati ta gina wa mutanenta sabon gari mai suna Takalafiya. Ashe yaron ya san ɓarnar cuta tun bai san karatu ba.

Aka sa shi makarantar St. Bartholomew a Wusasa, inda Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya riga ya nuna wa yara hanya. Daga nan ya tafi kwalejin Yaba a Ikko, sa'an nan Ibadan a 1948, kana Landan, inda ya gama karatun likita. Ya ƙware a sha'anin ciwon yara. Wannan aiki kuwa sai mai haƙuri, gama jariri ba ya iya faɗin inda ya ke yi masa ciwo, sai likita ya duba da kyau, ya kuma saurari uwa.

Da ya komo gida ya yi aiki a asibitocin gwamnati, har Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya ɗauke shi ya zama likitansa na kansa. Mu tsaya a nan kaɗan. Ga Firimiyan Arewa, jikan Shehu Usmanu, ya danƙa lafiyar jikinsa a hannun ɗan mishan. Ba wa'azi ne ya jawo wannan ba, kuma Ishaya bai ɓoye bangaskiyarsa domin ya sami wurin ba. Gwaninta ce da riƙon amana. Bayan haka ya koyar da aikin likita a Jami'ar Ikko.

A 1966 aka kashe Sardauna, ƙasa ta rikice. A cikin shekaran nan aka naɗa Ishaya shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana da shekara 39. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta. Malamai da ɗalibai da yawa sun gudu saboda tashin hankali, ga yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Duk da haka jami'ar ba ta mutu a hannunsa ba. A 1967 aka buɗe sashen koyon likita. Da shi ke 'yan Arewa masu isasshen karatun shiga jami'a ba su da yawa, aka kafa makarantar share fage domin a shirya su. Ya riƙe aikin shekara 9, har 1975, samari da 'yan mata dubbai su ka bi ta hannunsa, Musulmi da Kirista.

A kwanakin nan Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano reshe ce ta jami'ar Zariya, sai a 1977 ta zama Jami'ar Bayero. Wato 'ya'yan birnin da aka kori mutanensa daga ciki, su ma suna cikin waɗanda aka ba shi reno. Ya rene su kuwa, bai tono tsohon zance ba.

Ya taɓa siyasa. A 1979 ya tsaya mataimakin Dokta Azikiwe a zaɓen shugaban ƙasa, ba su ci ba, amma Shugaba Shehu Shagari ya ba shi Ministan Harkokin Waje har 1983. Da soja su ka karɓi mulki, aka tsare shi tare da sauran 'yan siyasa. Da aka sake shi bai zauna yana baƙin ciki ba. Ya koma Samaru ta Zariya, ya ci gaba da duba marasa lafiya a ɗan asibitinsa, ya kuma zama fasto. Ya rasu ran 29 ga Agusta 2005.

'Yan'uwa, mu kan ji waɗansu iyaye suna cewa ba amfani yaro ya wahala da karatu, tun da ba mu da kowa a sama. Su wa Malam Bulus ya ke da su a sama? Waɗansu samarinmu kuma, da sun sami ilimi, sai su raina maƙwabta, ko su riƙe su a zuci saboda abin da ya wuce. Ishaya yana da dalilin riƙo fiye da yawancinmu, amma bai tambayi majiyyaci addininsa kafin ya ba shi magani ba. Bari kowace ekklesiya ta duba yaran da ke cikinta masu ƙwazo, ta taimake su da kuɗin makaranta da shawara, ta kuma koya musu tun da wuri cewa ilimin nan na hidimar kowa ne. Ubangiji ya ba mu irinsa da yawa. Amin.