Kantorovich, Masanin Lissafin Da Ya Kauce Wa Kalmar Farashi

Duk wanda ya san ƙasar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, ya san cewa babbar matsalar hukuma a wannan yanki ita ce rabon abin da bai isa ba: ruwa kaɗan, kuɗi kaɗan, ƙauyuka kuwa birjik. Mutumin da ya fara mayar da irin wannan rabo ya zama lissafi mai amsa shi ne Leonid Kantorovich, ɗan Tarayyar Sobiyet, kuma a ganina ya kamata ma'aikatan tsare-tsarenmu su san tarihinsa.

An haife shi a 1912. Ya shiga Jami'ar Leningrad yana ɗan shekara 14, ya zama farfesa yana da 22. A 1938 ne wata hukuma mai sarrafa katako ta kawo masa tambayar da ake gani ƙarama ce: injuna takwas, nau'in katako biyar, kowane inji da irin saurinsa a kan kowane nau'i, to yaya za a raba aikin a samu mafi yawan kaya? Da ya zauna da tambayar sai ya gane cewa ita ce dai tambayar manomi da gonarsa, da ta mai lodin mota. A 1939 ya fitar da ɗan littafi a kan hanyar warware ta, shekara takwas kafin George Dantzig ya gano tasa hanyar a Amurka.

Inda lamarin ya fi jan hankalina, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne wannan. Lissafin nasa ba ya tsayawa ga bayar da rabo. Yana kuma fitar da wata lamba ga kowane abu mai ƙaranci, wadda ke nuna ƙarin amfanin da za a samu in an ƙara guda ɗaya daga cikinsa. A ce ƙaramar hukuma tana da kuɗin rijiyoyin burtsatse goma, ƙauyuka arba'in na jira. Lissafin zai nuna inda za a haƙa su domin rage tafiyar masu ɗebo ruwa, sannan ya nuna tafiyar da rijiya ta goma sha ɗaya za ta rage. Haka yake ga burtali: don ba a sayar da shi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba yana nufin ba shi da daraja ba.

Ko shakka babu, wannan lamba farashi ce. Sai dai a ƙarƙashin mulkin Stalin, aƙidar gwamnati ita ce daga gumin ma'aikaci kaɗai daraja ke fitowa, don haka danganta ta da ƙarancin abu na iya jawo wa mutum tuhuma. Saboda haka Kantorovich ya yi ta laƙaba wa lambar wasu dogayen sunaye, yana kauce wa kalma guda. Duk da haka, babban littafinsa a kan amfani da albarkatun ƙasa, wanda ya rubuta a 1942, bai ga hasken rana ba sai a 1959.

Hasali ma ko inda aka gwada hanyar tasa, ba kullum aka gode ba. A wata masana'antar ƙera taragon jirgin ƙasa a Leningrad, lissafin ya rage ɓarnar ƙarfe wajen yanka ƙwarai, sai ga masana'antar ta shiga matsala domin ta kasa cika adadin tarkacen ƙarfen da aka ɗora mata ta miƙa. Mai karatu da ya taɓa aikin ofis ba zai yi mamaki ba.

Girmamawa ta zo a makare. An ba shi lambar yabo ta Lenin a 1965, sannan ta Nobel a fannin tattalin arziki a 1975, wadda ya raba da Tjalling Koopmans na Amurka. Dantzig bai shiga cikin rabon ba, abin da bai yi wa Koopmans daɗi ba. Kantorovich ya rasu a Mosko a watan Afrilun 1986, shekara biyar kafin rushewar ƙasar da ya so ya gyara wa tsari.