Likita Herman Snellen, Wanda Ya Yi Wa Ido Mudu

Dukan wanda ya taɓa zuwa asibitin ido ya san farin allon nan da a ke ratayewa a bango. Akwai babban baƙi guda ɗaya a bisa, ƙarƙashinsa kuwa baƙaƙe jeri jeri, kowane jeri ya fi na bisansa ƙanƙanta. Ma'aikaci ya kan tsai da mutum daga nesa, ya sa shi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya yi ta karatu har ya kai inda ya kāsa. Sa'an nan a rubuta lamba biyu a katinsa. Da yawa a cikinmu mun tsaya gaban allon nan, amma kaɗan ne su ka san wanda ya fara shirya shi. A wannan wata muna so mu ba ku labarinsa.

Sunansa Herman Snellen. An haife shi ran 19 ga Fabrairu, 1834, a wani gari mai suna Zeist, kusa da birnin Utrecht, cikin ƙasar Holan. Ubansa likita ne, shi ma da ya girma sai ya bi sawunsa. Ya yi karatu a jami'ar Utrecht, ya sami shaidar likita. Babban malaminsa shi ne Farfesa Donders, mutum mai zurfin sani game da yadda ido ya ke aiki.

Ya shigo aikin a lokaci mai kyau. Cikin 1851 wani masani na Jamus, Helmholtz, ya bayyana wa duniya wani ɗan madubi wanda likita ya ke leƙa cikin idon mai rai da shi. Kafin wannan ba mai iya ganin abin da ke can ciki. Cikin 1858 kuwa Donders ya buɗe asibitin ido a Utrecht musamman domin matalauta da marasa ƙarfi, ya ɗauki saurayin nan Snellen ya zama mataimakinsa. A nan ya yi aikinsa har tsufa.

Amma akwai wata wahala wadda madubin nan bai kawar ba. Likita yana iya ganin ciwon, amma ba shi da hanyar auna yawan ganin da ya rage wa mai ciwon. Sai ya tambaye shi. Mu kuwa mun san halin ɗan Adam. Wani ya kan ce ya sami sauƙi domin yana jin kunyar likitan da ya wahala a kansa. Wani ya kan ce ba ya ganin kome domin tsoro ya cika shi. In an yi wa mutum aiki a ido, bayan wata shida ya komo, ba wanda zai iya tabbatarwa ko gaba a ka ci ko baya. In kuma ya tafi wurin wani likita da takarda a hannu, abin da na fari ya kira gani mai dama-dama, watakila na biyu ya kira shi makanta.

Waɗansu sun yi ƙoƙari kafinsa. Cikin 1854 Likita Jaeger na birnin Biyana ya buga takardun karatu, daga ƙananan baƙaƙe zuwa manya, kowane da lambarsa. Sun yi amfani, amma girman baƙaƙen ya dogara ga irin waɗanda ke hannun mai buga littafin. In an sāke bugawa a wani gari, sai girman ya sāke. Wannan ya yi kama da awon zane da kamu: dogon mutum da gajere kowa ya ce kamu goma ya auna, amma zanen ba ɗaya ba ne. Har wa yau, mai wayo ya kan cinci kalma daga ma'anar zancen ko da bai gan ta sosai ba.

Donders ya ga lalle sai an sami ma'auni ɗaya, ya danƙa wa Snellen aikin. Abin da Snellen ya yi ke nan. Ya bar baƙaƙen masu buga littattafai, ya zana nasa da kansa. Kowane baƙi ya zaunar da shi cikin fili mai kusurwa huɗu, wanda ya raba gida biyar a tsaye, gida biyar a kwance, kamar gidajen dara. Kaurin kowane zane gida ɗaya ne daidai. Sa'an nan ya lissafta girman kowane jeri bisa ga nisan da lafiyayyen ido zai iya karanta shi. Da haka kowa a kowace ƙasa, in yana da abin awo, zai iya yin allo daidai da na Utrecht. Ya buga wannan aiki cikin 1862, yana da shekara 28. Ba a daɗe ba a ka juya littafin cikin harsuna dabam dabam.

Da fari ya sa mutum ya tsaya nisan ƙafa 20. Daga baya a ka koma ga mita 6, ko da ya ke mutanen Amurka suna riƙe da ƙafa har yanzu. Ga ma'anar lamba biyun nan da ke katinku. Ta bisa ita ce nisan da ku ka tsaya. Ta ƙasa ita ce nisan da lafiyayyen ido zai karanta jerin da ku ka tsaya a kai. In an rubuta 6/6, ganinku ya kai ma'auni, baƙin da ku ka karanta kuwa tsawonsa bai cika milimita 9 ba. In an rubuta 6/60, watau abin da wani zai hango daga mita 60, ku sai kun matso zuwa mita 6. Wanda ya kāsa ganin babban baƙin nan, a kan matso da shi, ko a sa shi ƙidaya yatsu, ko a gwada ko yana rarrabe haske da duhu.

Bai manta da waɗanda ba su yi makaranta ba. Ya shirya musu wata alama mai ƙafa uku, kamar baƙin E, wadda a ke juyawa bisa ko ƙasa, dama ko hagu. Mutum sai ya nuna da yatsunsa inda ƙafafun su ka dosa. Saboda haka tsohuwar da ba ta san boko ba, ana auna idonta da mudu ɗaya da na babban malami.

Snellen gwani ne kuma wajen fiɗa. Ya gyara hanyoyin yin aiki a fatar ido wadda ta lanƙwashe ciki har gashin yana gogar ƙwayar ido, ciwon da mu ka sani ƙwarai a ƙauyukanmu. Cikin 1884 ya gāji Donders ya zama shugaban asibitin, ya riƙe shi har 1903. Ɗansa, mai suna Herman shi ma, ya zama likitan ido. Ya rasu a Utrecht ran 18 ga Janairu, 1908, yana da shekara 73.

Aikinsa bai mutu tare da shi ba. Waɗansu sun ƙara gyara allon, kamar Bailey da Lovie na Ostareliya cikin 1976, amma lambobinsa ne a ke rubutawa har wa yau. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafta mutum cikin makafi in idonsa mafi kyau bai kai 3/60 ba. Da irin wannan lissafi ne a ke sanin wanda ya kamata a yi wa aikin yanar ido, da yaron da tabarau zai ishe shi, da wanda za a kai makarantar makafi, da wanda bai kamata ya tuƙa mota ba.

Duk da haka kada mu ɗora wa allon abin da ya fi ƙarfinsa. Akwai ciwon da ke cin gani daga gefe, mai shi yana karanta ƙananan baƙaƙe amma yana tuntuɓe da turmi a tsakar gida. Mutum biyu kuma su kan sami lamba ɗaya, ɗaya yana tufka igiya yana ci da iyalinsa, ɗaya yana zaune domin ba wanda ya koya masa sana'a. Domin wannan ne cikin 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani tsari mai faɗi, wanda ke duban jiki, da aikin da mutum ke iya yi, da abin da ke taimakonsa ko tare masa hanya a inda ya ke zaune.

Mutanenmu sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Snellen ya ga shi kansa idon yana bukatar mudu na gaskiya, wanda ba ya duban arziki ko talauci. To, 'yan'uwa, in akwai yaro a gidanku wanda a ke kira daƙiƙi domin ba ya iya kwafe abin da malam ya rubuta, ku kai shi a auna idonsa tukuna kafin ku ɗauki bulala. In kun tsaya gaban allon, ku faɗi abin da ku ka gani kaɗai, ban da cinta, ban da jin kunya. Ku adana katin nan kuma, gama lambar bana ita ce za ta nuna wa likitan baɗi inda ciwon ya nufa.