Waziri Giɗaɗo ɗan Laima: Hadimin Shehu, Aminin Bello, Tushen Gidan Waziran Sakkwato

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya kai ziyara Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a birnin Sakkwato zai ji ana ambaton wata unguwa da ke kusa da wurin, wato Giɗaɗawa. Unguwar ta samo sunanta daga wani bawan Allah da ya ƙarar da rayuwarsa cikin hidimar Shehu da 'ya'yansa, shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, Allah Ya ƙara masa yarda. Daga gidansa waziran Sakkwato suka riƙa fitowa, ɗa bayan uba, jika bayan kaka, yau fiye da shekara 200.

Nasabarsa da tasowarsa

Sunansa na yanka Usmanu, mahaifinsa kuwa Abubakar Sambo Laima. Giɗaɗo laƙabi ne na Fulfulde, ma'anarsa abin ƙauna. An haife shi wajen shekarar 1776, ya taso cikin jama'ar da ta taru a gaban Shehu a Degel, ya sha karatu da tarbiyya a wannan zaure na Ƙadiriyya. A nan ne abota ta ƙullu tsakaninsa da Muhammadu Bello ɗan Shehu, abotar da mutuwa kaɗai ta raba.

Lokacin da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa wa jama'a, Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Giɗaɗo yana cikin mutanen da suka ɗanɗani ɗacin waɗannan shekaru na yunwa da yaƙi da rashin matsuguni, har Allah Ya buɗe Alƙalawa a 1808, Bello ya kafa Sakkwato a 1809. Tun a wannan zamani aka gane shi da riƙon sirri da iya magana, shi ya sa aka riƙa aikensa da saƙonni masu nauyi, har zuwa ƙasar Borno.

Aurensa da Nana Asma'u

Shehu ya aurar masa da 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793. Ita ce malamar da ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jajoji tana tura su ƙauyuka su karantar da mata addini. Da wannan aure Giɗaɗo ya zama surukin Shehu, mijin ƙanwar Bello, 'ya'yansa kuma suka zama jikokin Mujaddadi.

Akwai hikima a cikin wannan haɗi wadda ta bayyana daga baya. Sarautar Sarkin Musulmi ta wajen 'ya'yan Shehu maza take tafiya, Giɗaɗawa kuwa jikoki ne ta wajen 'ya mace. Saboda haka suna da kusancin da zai sa su shiga inda wani ba ya shiga, su faɗi gaskiyar da wani ba ya iya faɗa, amma ba su da rabo a gadon mulki balle a zarge su da kwaɗayinsa. Kowane Sarkin Musulmi, daga gidan Bello ya fito ko daga gidan Atiku, yana iya sakin jiki da wazirinsa.

Wazircinsa

Shehu ya yi wafati a 1817, daidai da 1232 bayan hijira, aka yi wa Bello mubaya'a. A zamanin Shehu ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ne waziri, kuma an sami ɗan tsamin dangantaka tsakaninsa da Bello a kan gadon. Allah Ya kawo sulhu a lokacin yaƙin Kalambaina, inda Bello ya kai wa baffansa ɗauki, Malam Abdullahi ya yi masa mubaya'a, wazirci kuma ya tabbata a hannun Giɗaɗo.

Aikin waziri a wancan zamani mai nauyi ne ƙwarai. Daga gidansa wasiƙun daula suke fita, kuma shi ne ƙofar manyan masarautun gabas irin su Kano da Zazzau. Shi ke kai takardar naɗi, shi ke sasanta rikici, shi ke duba ko ana tafiyar da shari'a yadda ya kamata. Wannan ya sa rabin rayuwarsa a kan doki ta ƙare. Da Shehun Borno Muhammadu Al-Kanemi ya kawo yaƙi ƙasar Kano wajen ƙarshen 1826, Waziri ne ya tsaya kan haɗa kan sarakunan gabas, har Sarkin Bauchi Yakubu ya tare rundunar Borno ya mayar da ita.

Shi ne kuma mai masaukin baƙin daula. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya sake dawowa a 1826, a hannunsa ya sauka. Ya girmama baƙonsa matuƙa, amma wannan bai sa an bar Baturen ya wuce da wasiƙa da kyaututtuka zuwa Borno ana tsakiyar yaƙi ba. Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827, kuma cikin abin da ya rubuta akwai labarin masallacin da ya tarar ana ginawa da dukiyar Waziri.

Bello ya rasu a Wurno a 1837 bayan shekara 20 yana mulki. Irin wannan lokaci shi ne wanda dauloli suke tsagewa, domin ga 'ya'yan marigayi ga kuma 'yan'uwansa. Waziri yana gaba cikin masu zaɓe, aka yi wa Abubakar Atiku ɗan Shehu mubaya'a ba tare da an zubar da jini ba. Ya yi wa Atiku hidima har ya rasu a 1842. Da aka naɗa Aliyu Babba ɗan Bello, sai dattijon ya ga ƙarfinsa ya ja baya, ya sauka da kansa, aka naɗa ɗansa Abdulƙadir, ɗan Nana Asma'u.

Alƙalaminsa

Bayan rasuwar Bello, mutanen da suka ga Shehu da idonsu suka fara ƙarewa. Waziri da uwargidansa suka duƙufa wajen tattara abin da ya saura kada ya salwanta. Shi ya rubuta Raudul Jinan a kan halayen Shehu da karamominsa da mutanen da suka kewaye shi, ya kuma rubuta Alkashfu wal Bayan a kan halayen Bello. Ita kuma Nana tana mayar da wannan tarihi waƙe domin ya isa ga mata da waɗanda ba su jin Larabci. Abubuwa da yawa da 'yan'uwa suke ji a majalisai game da Shehu ta wannan gida suka iso.

Wafatinsa da zuriyarsa

Ya koma ga Ubangijinsa a 1851 yana da kimanin shekara 75. Nana Asma'u ta yi masa marsiya, ita ma ta bi shi a 1864.

Abdulƙadir ya riƙe wazirci har 1859, ya kuma yi rubutu a kan ɗariƙar Ƙadiriyya da tarihin kakanninsa. Bayansa sai ɗansa Ibrahim Halilu, sai Abdullahi Bayero ɗan Giɗaɗo, sai Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo a 1886.

A kan Buhari jarrabawa mafi tsanani ta faɗo. Shi ya sha wahalar basasar Kano da ta ɓarke a 1893 bayan naɗin Tukur. Sannan a watan Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har ya yi shahada a Burmi. Waziri ya tsinci kansa da tarin jama'ar da ba su da ikon tafiya. Ya shawarci malamai, ya dawo birni domin kare addinin waɗanda suka saura da rayukansu, sannan ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana hujjarsa da irin fargabar da ke zuciyarsa. Ya rasu a 1910. Ɗansa Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa a 1997, kuma taskar littattafansa ta zama mashayar duk mai binciken tarihin daular Usmaniyya.

Abin lura

Gidaje da yawa sun haɗa jini da sarakuna amma ko sunansu ba a tunawa. Abin da ya raya gidan Giɗaɗo shi ne kowane ɗa sai an zaunar da shi gaban allo kafin a ɗaura masa rawani, kuma sun ɗauki muƙami a matsayin hidima ga Shehu da jama'arsa. Muridin da Allah Ya ba wani matsayi, a zawiya ne ko a ofis, yana da abin koyi ga mutumin da ya zauna kusa da gadon mulki shekara 25 bai miƙa masa hannu ba, ya kuma sauka tun ba a ce ya sauka ba.

Allah Ya jiƙan Waziri Giɗaɗo da Nana Asma'u, Ya haskaka makwancinsu, Ya sada su da Shehu Usmanu da Shehu Abdulƙadir Jilani a ƙarƙashin tutar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.