Manjo Tremearne, Baturen da Ya Bi Sawun Kiɗan Bori

Dattawan ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Minjibir sun san zamanin da idan ciwo ya gagari magani, sai a kira masu garaya da buta, a killace majinyaci kwana da kwanaki ana kiɗa, wato abin da ake kira girka. Ba yabon bori ya kawo mu ba, malamai sun daɗe da bayyana hukuncinsa. Nufinmu mu ba da labarin wani Bature da ya yi ƙoƙarin gane asirin wannan kiɗa, mu kuma duba inda ya gaza.

An haifi Arthur Tremearne a Malbon ta ƙasar Ostireliya cikin 1877. Ya yi aikin soja a Afirka ta Kudu, ya je yaƙin Asante cikin 1900, daga nan ya zo Nijeriya ta Arewa. Ya zauna a Jama'ar Darroro, ya ji Hausa, ya kuma yi karatu a Jami'ar Kambirij. Cikin 1913 ya buga littafin al'adun Hausawa mai tatsuniyoyi 100.

To, da ya so ya bincika bori sosai, sai ya tarar Gwamnati ta hana shi a ƙasar nan, masu yi sun koma ɓoye. Saboda haka ya tafi Tunas da Tarabulus, wurin Hausawan da cinikin bayi ya ƙetarar da su Sahara. A can ya rubuta sunayen iskoki da kirarinsu da ciwon da ake jingina wa kowanne. Littafin, The Ban of the Bori, ya fito cikin 1914. Ran 25 ga Satumba 1915 aka kashe shi a yaƙin Loos, ƙasar Faransa, yana da shekara 38.

Aikinsa ya adana abubuwa da yawa da da sun salwanta. Amma fa tambaya ɗaya ta rage, shin kiɗan ne ke warkarwa? Hanyarsa ba ta iya amsa ta. Na farko, yawancin labarin daga bakin 'yan borin ya samo shi, mai kaya kuwa ba ya kushe kayansa. Na biyu, bai ƙirga waɗanda suka warke da waɗanda suka mutu ba. Na uku, girka ba kiɗa kaɗai ba ce, akwai saiwoyi da turare da hutu da tarairayar dangi. Wa zai ware rabon garaya a ciki? Balle ma wani ciwon da kansa yake tafiya.

Har yanzu masu binciken magani da kiɗa suna fama da irin wannan. Sukan raba majinyata kashi biyu, a yi wa ɗaya kiɗa a bar ɗaya, sa'an nan a gwada. Sai dai ana iya ba mutum ƙwayar da ba magani a cikinta bai sani ba, amma ba a iya ɓoye masa cewa kiɗa yake ji. Ga shi kuma taken da ke motsa zuciyar Bakano ba lalle ya taɓa Bature ba.

Saboda haka muna jan hankalin malaman makaranta da ma'aikata. Idan aka ce muku abu kaza ya warkar da wane, ku tambaya, mutum nawa aka gwada, nawa suka tashi, me kuma aka haɗa da shi? An ce gani ya kori ji, amma inda rai yake, gani ma sai an haɗa da lissafi.