Nana Asma'u ƴar Shehu, Uwargarin da ta karantar da masu karantarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, ko da yaushe aka taru kan zancen karatun yara ƙanana a wannan ƙasa tamu ta Damagaram, magana ba ta wuce gini da teburi da na'ura. Ba safai ake tambayar wa zai karantar da malamin kansa ba, balle uwar da yaron yake hannunta tun kafin ya san hanyar makarantar allo. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin wata baiwar Allah da ta fuskanci wannan tambaya fiye da shekara 180 da suka wuce, ita ce Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi musu rahama.

Mun san wani zai ce ai ita mutuniyar Sakkwato ce. Gaskiya ne. Damagaram ba ta taɓa bin Sakkwato ba. Lokacin da Asma'u ta rasu, Sarki Tanimu ne bisa gadon sarauta a nan, gaisuwarsa kuwa Kukawa take zuwa, kuma almajiranmu gabas suke fuskanta neman haddar Alƙur'ani. Amma harshen da ta zaɓa don karantar da talakawa shi ne wanda iyayenmu mata suke yi mana tawai da shi, saboda haka muna da rabo a cikin gadonta.

An haife ta a Ɗegel wajen shekarar 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hasan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, sai Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Ta tashi a gidan da mata suke riƙe alƙalami kamar maza, domin Shehu ya tsananta suka a cikin littafinsa Nurul Albabi ga malaman da suke tara almajirai a zaure, alhali sun bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. A nan ta fara da allo da tawada kamar kowane yaro, ta haddace Alƙur'ani, ta shiga littattafai. Ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga yaƙi da yunwa da tashi daga wannan sansani zuwa wancan tun tana yarinya, ana ɗora littattafan mahaifinta bisa raƙuma duk inda aka nufa. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Da Shehu ya rasu a 1817, tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara rubuce-rubucensa da tsare su. A 1820 ta wallafa Tanbihul Gafilina da Larabci.

To, da a nan ta tsaya, da ta zama ɗaya daga cikin malamai mata na gidansu, waɗanda ba su da kaɗan. Abin da ya fifita ta shi ne yadda ta dubi halin ƙauyuka. Yaƙi ya ci maza da yawa, ya bar zawarawa da marayu. An tara mata masu yawa daga Gobir da wasu ƙasashe a ribaɗoɗi da garuruwan da aka kafa, Hausa kaɗai suke ji, kuma idan yaro ya yi zazzaɓi ko haihuwa ta yi gardama, wajen ƴan bori suka saba zuwa. Waɗannan mata su ne za su reni ƴaƴan jama'a. Littafin Larabci ba ya isa gare su, kuma malami namiji ba ya shiga ɗakinsu.

Matakin farko da ta ɗauka shi ne gyara kayan aiki. Takarda a wancan zamani ta Sahara take zuwa, da tsada, kuma ko an ba mace littafi ba za ta iya karanta shi ba. Sai Asma'u ta mayar da darasi waƙa, domin waƙa ba ta jiƙewa da ruwa, gara ba ta cin ta, ana kuma iya rera ta ana daka ko ana kaɗi, goyo yana saurare. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci kimanin 30, da Fulatanci a 1829, sa'an nan da Hausa a 1838. Ta fassara waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa. Ta yi waƙar tawassuli da mata masu albarka, tun daga matan Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har zuwa salihan matan zamaninta, don mace ta ji sunan mace ƴar'uwarta a cikin darasi. Wanda ya lura da waɗannan ayyuka zai ga ba ta rubuta abu ɗaya ga kowa: Larabci ga malamai, Fulatanci ga jama'ar gidansu, Hausa ga mafi yawan mutane. Mu da muka yi zaman madarsa, muka haddace ƙa'idojin nahawu shekara da shekaru kafin mu gane abin da muke faɗa, mun san darajar wannan hikima. Sai a 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a nan Zinder inda ake fara wa yaro karatu da Hausa, aka riƙa kallon abin kamar baƙo.

Mataki na biyu shi ne mafi girma. Bayan rasuwar Muhammadu Bello a Wurno cikin 1837, ta kafa tsarin da aka sani da Ƴan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga wani ƙauye, ta karantar da ita, ta jarraba ta, sa'an nan ta naɗa ta jaji, kalmar da fatake suke kiran mai ja gaban ayari da ita. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani. A nan akwai abin lura, domin malfa ita ce alamar Innar Gobir, shugabar bori. Asma'u ba ta ƙona malfar ba. Ta ɗora ta bisa kan mai karantar da tauhidi da tsarki da salla, don matan ƙauye su ga alamar shugabancin da suka sani, su ji magana sabuwa daga ƙarƙashinta.

Idan an gama aikin gona, kowace jaji takan ja ayarinta zuwa Sakkwato a ƙasa. Mafi yawan masu zuwa ƴan mata ne da ba su yi aure ba da tsofaffin da suka gama haihuwa, matan aure kuwa suna gida suna jiran abin da za a kawo musu. Sukan zo da hatsi da zuma da man shanu da zane, ita kuma ta rarraba ga mabuƙata. Su zauna kwanaki suna koyon waƙa baiti baiti, tana warware musu ma'ana, suna kawo mata matsalolin ƙauyensu na aure da gado da rashin lafiya, sa'an nan su koma su karantar. Baɗi kuma su dawo. Wannan dawowa ita ce abin da ya fi ɗaukar hankalinmu. Jaji ba ta karɓar malfa ta tafi ke nan, kullum tana komowa gaban malamarta a gyara mata kuskure, a ƙara mata sabon darasi. Abin da masu binciken ilimi na yau suke nanatawa ke nan, cewa horon malami ba ya ƙarewa ranar da ya bar makarantar horon malamai, kuma shekarun farko na yaro su ne tushen abin da zai biyo baya. Ƴan Taru ba su tsaya ga karatu ba, suna jinyar marasa lafiya, suna wankan gawar mata, suna sasanta masu husuma.

Ba mu ƙin na'ura. Ƙasarmu ta gwada karantar da yara ta talabijin tun 1964, tun wasu manyan ƙasashen Afirka ba su yi tunanin haka ba, shirin ya yi ƴan shekarunsa ya tsaya kafin 1980. Mu da kanmu mun taɓa shiga wata makaranta da aka kai wa kwamfutoci kyauta, muka tarar da su a rufe cikin ɗaki ƙura ta lulluɓe, domin babu malamin da aka koya wa aiki da su. Tsarin Asma'u kuwa, da ba shi da komai sai baki da kunne da ƙafa, ya ratsa zuwan Turawa Sakkwato a 1903 bai mutu ba.

Malamai maza ma sun san matsayinta. Tana musayar wasiƙu da waƙoƙi da Muhammadu Bello da sauran manyan daula, har da malami daga ƙasar Shingiɗi. Ana kiranta Uwargari. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci. A cikin marsiyoyin da ta yi akwai na sarakuna da malamai, akwai kuma wadda ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, tana yaba yadda take jan ayarinta shekara bayan shekara har tsufa ya cim mata. Ba mu saba jin babban malami ya yi wa malamin ƙauye marsiya ba.

Ta rasu a 1864, daidai da 1280 ta Hijira, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi jagorancin Ƴan Taru. Rubuce-rubucenta, wajen 60, sun tsira a gidan Waziri, har Waziri Junaidu, wanda jikanta ne na nesa, ya buɗe wa wata Baturiya mai suna Jean Boyd taskarsa. Ita ce ta wallafa tarihin Asma'u a 1989, sa'an nan a 1997 ita da Beverly Mack suka fitar da ayyukanta a haɗe tare da fassarar Ingilishi. A lokacin bincikenta ta tarar da tsofaffin jajoji a ƙauyukan Sakkwato da malfarsu, suna rera waƙoƙin da aka koya wa kakanninsu.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya haskaka makwancinta, Ya gafarta wa iyayenmu mata da suka fara koya mana kalmar shahada. Amin.